Baba Sitati da Tabon Mai

Shagon yana ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Tun kafin ka ga ƙofar hancinka zai gaya maka ka iso: ƙamshin tufa mai ɗumi, wadda dutsen guga ya bi ta kanta yanzu-yanzu. A ciki akwai dogon teburi da aka shimfiɗa wa bargo da farin ƙyalle, injin wanki a can baya yana ƙugi, sai riguna jere a hanga, kowace da ɗan zare mai launi a wuya. Zaren shi ne shaidar mai rigar, kuma ba a taɓa jin an ba wani rigar wani ba.

Mai shagon dattijo ne siriri, mai furfura a gemu, ba ya sa tufa sai fara. Kowa a layin Baba Sitati yake ce masa. Sunan ya bi shi tun yana saurayi a hannun kawunsa, wanda ya koya masa wanki da guga, domin rigar da ya sa wa sitati, in ji maƙwabta, ko an zare ta daga hanga tsayuwarta za ta yi. Da wannan teburin ya yi aure, da shi ya ciyar da 'ya'ya har suka kama gabansu. Ya san maganin kowane tabo: na tawada, na shayi, na tsatsa, na jini. Guda ɗaya ne ya ɗauka a matsayin abokin gaba.

"Maiƙo," ya ce min ranar da na je shagon don in rubuta labarinsa a jarida, yana yayyafa wa wata riga ruwa da yatsu. "Ita tawada in ta zuba, ka gan ta, ta gan ka, an san da faɗa. Shi kuwa maiƙo munafuki ne. Ka wanke, ka shanya, ka ce ya tafi. Kana ɗora dutse sai ya leƙo yana maka dariya."

Matarsa, wadda ke zaune bakin ƙofa tana ninke zanen gado, ta ce ko hannu wani ya ba shi, in ya ji santsi sai ya je ya wanke. Ya ce ƙari ta yi. Ta ce ba ta ƙara komai ba.

Hawan jini ne ya fara, ya daɗe yana cinsa a ɓoye. Sai ƙafa ta kumbura, abinci ya fita ransa, numfashi ya soma gagararsa a kan teburi. A asibiti aka ce ƙodarsa ta gaza, sai dai inji ya riƙa tace masa jini. Tun daga lokacin, sau uku a mako yake zuwa ɗakin wankin ƙoda, ya kishingiɗa a doguwar kujera na tsawon sa'o'i, jininsa na fita ta wata roba, ya bi ta inji, ya dawo ta wata.

Don injin ya samu jini isasshe, likitoci kan yi wa mai jinya ƙaramin aiki a hannu, su haɗa jijiyoyi biyu su zama hanya ɗaya mai faɗi, inda za a riƙa soka allura. An yi wa Baba ta farko a wuyan hannun hagu, ba ta daɗe ba ta toshe. Aka yi ta biyu sama da gwiwar hannun, ita ta kama. In ka ɗora yatsa a kai za ka ji tana ɗan karkarwa, kamar cikin kyanwa in tana gurnani. Likita ya gaya masa gaskiya tun ranar: hannun hagu ba shi da sauran wuri. In wannan hanyar ta lalace, sai a koma na dama. Hannun da aka yi wa aikin nan kuwa ba a ɗaukar abu mai nauyi da shi.

Dutsen gugar Baba irin na da ne, mai nauyin gaske, wanda ya ce shi kaɗai ke kwantar da sitati. Da hannun dama yake riƙe shi. Don haka maganar ba ta yi masa wuyar ganewa ba: muddin na hagu yana yi wa inji aiki, na dama nasa ne, shago kuma yana buɗe.

Sai ƙaiƙayi ya zo.

Ma'aikatan ɗakin sun ce ba baƙon abu ba ne, da yawa daga masu wankin ƙoda suna fama da shi. Fatarsu kan bushe, kuma akwai abubuwan da ke taruwa a jini waɗanda injin ba ya kwashewa duka. Sau da yawa ba ƙurji, ba kumburi, ba abin da za ka nuna wa mutum ya tausaya maka. Na Baba ya fara daga gadon baya, ya sauka ƙwauri, ya haura kafaɗu. "Kamar an zuba maka tururuwa tsakanin fata da nama," ya ce. "Ka sosa nan, ta gudu can." Ya sosa da farce, ya sosa da bakin hanga, ya goga bayansa a jikin ƙofa. Barci ya ƙaurace masa. Wata rana wata mai kawo wanki ta tarar da shi yana susa a kan kayanta, ta tattara su ta fita. Wannan ya fi ƙaiƙayin yi masa ciwo.

Sai ya yi tunani irin na mai wanki. Abin da ke ƙaiƙayi datti ne, datti kuwa wanki yake so. Ya ƙara yawan wanka. Ruwa sai mai zafi, sabulu sai mai ƙarfi, soso sai mai kaushi, ya dirje jikinsa kamar wuyan rigar lebura. In ya fito ya ji sauƙi na ɗan lokaci, sa'annan abin ya dawo ya fi na da. Fatar ta yi furu-furu, ta soma tsagewa. A kanta kuma yake ɗora farar riga mai sitati, mai kaifin wuya.

"Na ce masa, Malam, fatar nan fa ba zanen gado ba ce," in ji matarsa. "Ya ce in bar shi, shi ya san wanki."

A ɗakin wankin ƙoda kowa da kujerarsa, kuma maƙwabcinka na kujera kan zama kamar ɗan'uwa, don kun fi ganin juna a kan dangi. Na Baba wani tsohon bakanike ne, ƙato, mai dariya da ƙarfi, wanda har yau baƙin mai bai gama fita daga ƙarƙashin farcensa ba. Tun ranar farko suka soma tsokanar juna. Baba ya raɗa masa suna Giris, wato maiƙon da ake shafa wa ƙarfen mota, shi kuma ya ce bai taɓa ganin mutumin da ke zuwa asibiti kamar ango ba.

Mai kula da layinsu wata nas ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da hayaniya, masu jinya suna ce mata Sista. Ita ta fara ganin karce a hannun hagun Baba, dab da inda take soka allura. Ta daɗe tana dubawa.

"Baba, wa ya yi maka wannan?"

"Ni ne, 'yata. Cikin barci."

"Ka san in ƙwayar cuta ta shiga nan, jini za ta wuce kai tsaye? Hanyar nan kuma sai a rufe ta."

Ya ce ya sani.

Ta gaya wa likita, aka duba jininsa, aka gyara masa ƙwayoyin da yake sha da abinci, aka kuma ba shi man shafawa: fari, mai kauri, marar turare, a cikin roba mai faɗin baki. Sista ta yi masa bayani. Ya rage zafin ruwan wanka, ya bar sabulu mai ƙarfi da soso, ya yanke farce, ya riƙa shafa man safe da yamma a ko'ina, ban da kan ciwon da wurin allura. Baba ya ce to. Ruwan ya rage masa zafi, farcen ya yanke, soson ma ya bari da ƙyar.

Makonni suka wuce, ba abin da ya canza. Duk zuwa Sista ta tambaya, "Baba, kana shafawa?" ya ce, "Safe da yamma." Robar ta ƙare, ya kawo ta wayam, aka ba shi wata. Ba ƙarya yake yi ba, duk wanda ya san shi ya san ba halinsa ba ne. Amma fatar tana nan a bushe kamar ba ta taɓa ganin mai ba, karcen hannun kuma ya zama ɗan gyambo mai ja a gefe. Aka fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, Sista ta matsa da allurarta can sama, inda wurin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ranar da likita ya zo zagaye, bai tsaya a hannun hagu ba. Ya ce Baba ya miƙo na dama, ya ɗaura masa roba a damtse, ya shiga laluben jijiyoyi da yatsa.

"Dubawa kawai nake, Baba, don mu zama cikin shiri," ya ce.

Ran nan Baba bai tanka wa Bakanike ba har aka cire shi daga inji. Matarsa ta ce da ya koma shago, ya daɗe tsaye gaban dutsen gugar bai kunna ba.

Sista tana da wata hanya da daɗewa a aiki ta koya mata: in magani ya ƙi ci, kafin a zargi maganin, sai ta ce a yi a gabanta. A zuwa na gaba, kafin ta haɗa shi da inji, ta ajiye robar man a kan ɗan teburin gefensa.

"Baba, yau ina so in ga yadda kake yi a gida. Tun daga farko har ƙarshe. Ka yi a hannun dama."

Ya naɗe hannun riga a tsanake, ninki a kan ninki. Ya lakato man da yatsa biyu, ya shafa daga wuyan hannu zuwa gwiwa, bai bar ko'ina ba. Sista ta gyaɗa kai, ba ta ga kuskure ba. Ya ɗan jira, kamar mai jiran shayi ya huce. Sa'annan ya sa hannu a aljihu ya zaro farin hankici, ya goge hannun tas, ya juya hankicin ya sake gogewa. Ya ciro ɗan gwangwanin hoda ya barbaɗa, ya karkaɗe, ya bi wurin da yatsa ya ji ba santsi, sai ya sauke hannun rigarsa.



"Baba," in ji Sista a hankali, "me ka yi yanzu?"

"Na shafa mana."

"Bayan nan."

"Na goge. Ai ya shiga."

"Kullum haka kake yi?"

"To da yaya zan sa riga a kan mai? A gida ma da tawul nake yi, ya fi kwashewa. In na ji da saura, in ɗauraye da sabulun wanke-wanke."

Bakanike ya fashe da dariya har injinsa ya fara kuka, wata nas ta rugo ta ce ya daina motsa hannu.

"Wayyo cikina! Sista, ashe tawul kuke yi wa magani! Tawul ɗin gidan Sitati yanzu ai ya fi fatar jariri laushi!"

"Kai rufe mana baki, Giris. Kai da aka yi wa wankan jego da baƙin mai."

"Ni dai ban taɓa zuba wa mota mai in sa tsumma in tsane shi ba. Jikin nan naka inji ne, Sitati. Ka bar shi ba mai, ga shi nan yana cin kansa."

Sista ta ce ita ba ta yi dariya ba sai daga baya, a ɗakin canza kaya. A lokacin kujera ta jawo ta zauna kusa da shi. Ta ce masa ta gaya masa ya shafa, amma ba ta gaya masa ya bari ba, don bai taɓa zuwa mata a rai cewa akwai mai gogewa ba. Ta ce man ba wai shiga yake ya gama aikinsa ba. Zamansa a kan fata shi ne aikin, yana riƙe damshin da ke ciki kada ya tsere. Shi ya sa ya fi kyau a shafa da an fito wanka, jiki bai gama bushewa ba.

Baba ya ce, "Kamar yayyafi ke nan. Busasshiyar riga ba ta karɓar guga."

"Kamar haka."

"Amma 'yata, rigar fa?"

"Baba, riga ko hannu?"

Sista ta miƙe. Ta wanke masa hannun hagu, ta soka allurarta, ta tayar da inji.

Amsar daga gida ta fito. Matarsa ta ce da ya ba ta labari ita ma ta yi dariyar, sai kuma ta ji hawaye, don ita ce ke miƙa masa tawul ɗin. Washegari ta buɗe kwabar da ke ƙarƙashin teburin guga. A nan ake tara tsofaffin ƙyallayen da aka shimfiɗa wa teburin shekara da shekaru, farar auduga zalla, waɗanda wanki da zafin dutse suka cinye musu duk wani kaushi. Baba ba ya yarda a zubar da su. Ta zaɓi masu sauran ƙwari, ta kai wa tela ya ɗinka masa 'yan ciki masu dogon hannu da wanduna, ta ce a bar ɗinkin ta waje don kada ya riƙa gugar fata.

"Na ce masa, Malam, ga waɗanda za su sha man. Su aikinsu ke nan, su yi tabo. Farar rigarka ta hau sama, ba ruwanta."

Ya juya 'yar cikin, ya ga ɗinki a waje, ya ce wannan wane irin tela ne. Amma ya sa.

Sitatin ma sai da aka ja a kansa. Sista ta ce a bar shi gaba ɗaya. Baba ya ce in ya fita ba sitati, mutanen layin za su zaci rasuwa ya yi aka ba wani kayansa. Aka tsaya a tsakiya: gaban riga da aljihu su sha sitatinsu, wuya da bakin hannu a bar su da laushi.

Bayansa kuwa, inda hannunsa ba ya kai, matarsa ce ke shafa masa. Da ya fito wanka ta sa ya zauna a kujerar roba, ta ɗan tsane ruwan ba tare da dirza ba, ta bi bayan da man. Tawul ɗin ta tafi da abinta, hankici da hoda kuma ta kulle a akwati. Ta ce kwanakin farko zama yake kamar wanda aka ɗaure, hannuwa a ware, yana cewa ji yake kamar kifin gwangwani.

"Shekarun nan duka kayansa nake ninkewa," ta ce. "Har na manta yana da tawadar Allah a ƙasan kafaɗa."

"Wannan kuma ba na jarida ba ne," in ji Baba.

Don wuraren da suka fi tsanani, ƙwauri da tsakiyar baya, likita ya ƙara masa wani mai da ke sanyaya fata. Sista ta koya masa in abin ya motsa ya danna wurin da jiƙaƙƙen ƙyalle mai sanyi maimakon farce. Ciwon hannun ta rufe shi da bandeji, ta ce ranar zuwa inji kada mai ya kusanci wurin allura.

Ba nan take aka ga sauƙi ba, kuma ba duka ya tafi ba. Sista ta nanata min wannan: shafawa ba ta isar kowa. Shi kansa Bakanike, da nasa ƙaiƙayin ya taso, sai da aka haɗa masa da ƙwaya. Na Baba yawancinsa bushewa ce, da wankin da ya yi wa kansa. A hankali furu-furun ya soma ɓacewa, tsagar ƙwauri ta rufe, barci ya dawo. Da farce ya ƙyale hannun, gyambon ya bushe, ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi da kansa.

Ranar da likita ya sake zuwa zagaye, Baba ya miƙa masa hannu biyu, don bai san wanne za a nema ba. Likitan ya kama na hagu, ya ɗora yatsa, ya sa abin sauraro ya saurara. Ya ce hanyar lafiya lau take, a ci gaba da ita. Na daman ko kallonsa bai yi ba.

"Mayar da wannan aljihu, Baba," ya ce. "Na masu kawo wanki ne."

Bakanike ya ce shi ma a yi masa godiya, don shi ya fara gano injin ba mai. Baba ya ce ya kawo rigar nan tasa mai tabo a wanke masa, ita ce godiyar. Ya kuwa kawo. Baba ya yi mata duk abin da ya sani, tabon ya ƙi fita, sai ya mayar masa da ita a goge, ta sha sitati. Bakanike ya ce yinin ranar bai iya sunkuyawa ba.

Sista ce ya rasa abin da zai yi mata. Ya ce ta kawo kayan aikinta ya riƙa goge mata, ta ce dokar aiki ba ta yarda ba. Sai ta ba shi wani aikin. Duk sabon zuwa da aka ba man shafawa, Baba ne ke leƙowa daga kujerarsa ya ce, "Ɗan'uwa, in ka shafa ka bar shi. Kada ka goge." Yawanci kallonsa kawai suke, don ba su ga abin da zai sa mutum ya goge ba. Daga nan sai Bakanike ya karɓe labarin, kullum da ƙari.

"Yarinyar nan," in ji Baba muna shagonsa, yana nufin Sista, "da ta ce maganin ne ba ya yi, da an canza min wani, shi ma in goge. Sai ta ce in yi ta gani. Ba abin da zan ce sai Allah ya yi mata albarka, ya ba ta masu duba ta ranar da ta tsufa. Ita kuma wannan," ya nuna bakin ƙofa da haɓa, "kada in yabe ta a gabanta."

"Yabe ni mana, kunnena ba ya ciwo," in ji matarsa.

Ya gama rigar da ke gabansa, ya tsayar da dutsen a gindinsa, ya naɗe hannun riga ya ce in kawo yatsa. Na ɗora a hannun hagunsa, sama da gwiwa, na ji karkarwar nan tana tafiya ba tsayawa. Da zai sauke hannun rigar, sai muka ga ɗan tabo a bakinsa, inda 'yar cikin ba ta kai ba. Zagaye ne, bai fi maɓalli girma ba, kuma maiƙo ne ba shakka. Ya ɗaga shi wajen haske ya duba. Matarsa ta dakata da ninki tana kallonsa.

"Na gan ka," ya ce wa tabon. "Yi zamanka."

Ya ɗauki dutsen da hannun dama, ya jawo riga ta gaba.